Kebul ɗin sarrafa ƙaramin jirgi: wanne za ka saya, kuma a hannun wa?

A binciken shekara-shekara na ƙaramin jirgi akwai lokacin da mai jirgi kan yi tsit. Bakanike ya cire kujeru, ya ɗaga faifan ƙasa, ya naɗe tsumma a hannu yana bin kebul da shi sannu a hankali. In tsumman ya wuce sumul, sai a ci gaba. In kuwa ya sarƙe a daidai inda kebul ke hawa fuli, wato 'yar tayar nan mai kwari da ke juya masa hanya, to sili ya tsinke, kuma daga nan hira ta koma ta sayayya.

Jirage irin su Cessna 172 da Piper Cherokee, waɗanda ɗimbin matuƙa suka koyi tashi a cikinsu, da igiyar ƙarfe ake sarrafa su. Ka murɗa sitiyari, kebul ne ke kai saƙo ga leɓen fiffike da ake kira elaron. Ka ja shi baya, kebul ne ke motsa wutsiyar kwance. Ka taka feda, kebul ne ke karkata leɓen wutsiya na tsaye. Cessna ta fara sayar da 172 a 1956, Piper ta fito da Cherokee a farkon shekarun 1960, kuma da yawa cikin waɗanda ke shawagi yau ƙirar shekarun 1970 ne. Sai a buɗe irin wannan jirgi a tarar kebul ɗin da ya baro masana'anta da shi ne har yanzu a ciki. An sake inji sau biyu ko uku, an sake fenti, an sake rediyo, amma igiyar da ran matuƙi ke rataye a kanta ba wanda ya taɓa ta. Ko jiragen da suka koma amfani da sandunan turawa, kamar Diamond DA40 da ake koyarwa da shi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ko Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna bisa tsarin ƙaramin jirgin RV-6A, leɓen wutsiyarsu na tsaye da kebul yake aiki.

Littafin da kanikawa suka fi komawa gare shi a wannan magana shi ne AC 43.13-1B na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, wanda ya fito a 1998. Ya ware wuraren da ya kira na gajiya: duk inda kebul ke bi ta kan fuli ko ta cikin ramin da ke riƙe shi a hanya, duk inda yake lanƙwasa ko gugar wani abu, da kuma ƙafa ɗaya daga kan ƙarfen da aka matse a bakinsa. Sili ɗaya ya tsinke a irin wannan wuri, kebul ya tashi daga aiki. Haka nan in silin waje sun goge har suka fara zama kamar an shafe su sun haɗe, alamar sun cinye kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na kaurinsu ke nan, shi ma ya gama. Wasu kamfanonin suna da nasu lissafin a littafin gyaran jirginsu, kuma in akwai shi, shi ne gaba.

To, an yanke shawarar canzawa. Saura me za a saya.

Saƙa da kauri

Wannan ba wurin dogon ciniki ba ne, domin littafin kayan jirginka ya riga ya zaɓa maka. Amma ya kamata ka fahimci abin da lambobin ke nufi. Kebul mai lamba 7x19 tufka bakwai ce, kowace tufka da sili 19, jimilla sili 133. Shi ne mai laushi, shi ake sawa inda za a yi ta hawa fuli ana sauka. Mai lamba 7x7 sili 49 gare shi, kowane sili ya fi kauri, don haka ya fi jure guga amma bai kai wancan son lanƙwasa ba. An fi ganinsa a ƙananan kauri, kamar kebul ɗin tirim, wato abin da ke daidaita jirgi don matuƙi ya huta da riƙe sitiyari da ƙarfi. Akwai 1x19 mai tauri, wanda aikinsa ɗaure abu a miƙe, ba ruwansa da fuli.

Tsohuwar dokar ƙera ƙananan jirage ta Amurka, sashe na 23.689, ta hana amfani da kebul ɗin da bai kai kaurin 1/8 na inci ba, wato kusan milimita 3.2, a manyan hanyoyin sarrafawa. Shi ya sa 1/8 mai saƙar 7x19 ne za ka fi cin karo da shi.

Abin da nake so a kiyaye shi ne suna. A kasuwar kayan gini da ta kwale-kwale ana sayar da igiyar ƙarfe 7x19 da sunan kebul ɗin jirgi. Kauri ɗaya, kama ɗaya, farashi ƙasa ƙwarai. Sunan kasuwa ne kawai. Kebul ɗin da ake sawa a jirgi shi ne wanda aka yi bisa ƙa'idar MIL-DTL-83420: an sa masa mai a ciki tun wajen tufka, an gwada jurewarsa ta hanyar jan sa a kan fuli dubban sau, kuma a tsakiyarsa akwai siririn zare mai launi da ke nuna masana'antar da ta yi shi. Wanda ake sayarwa don ƙofar gareji ba a yi masa ko ɗaya cikin wannan ba. Zai iya ɗaukar nauyin a ranar farko. Tambayar ita ce bayan ya lanƙwasa sau dubu ɗari.

Galbanais ko sitenles

Nan ne ainihin zaɓi, kuma nan ne mutane suka fi yi wa rogo kallon kitse.

Ƙa'idar ta raba kebul gida biyu. Rukunin A baƙin ƙarfe ne mai rufin tutiya, wanda muke kira galbanais. Rukunin B sitenles ne, ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya jan tsatsa. Duk wanda ya ga su biyun a kan tebur, hannunsa wajen sitenles zai nufa. Ya fi kyau, ya fi kama da sabon zamani, kuma mun saba a cokali da tukunya cewa shi ne mai daɗewa. A cikin jirgi lissafin ya sha bamban.

Fara da ƙarfi. Kebul 1/8 mai saƙar 7x19 na galbanais ba ya tsinkewa ƙasa da laba 2,000, kusan kilo 907. Takwaransa na sitenles laba 1,760 ne, kusan kilo 798. A kaurin 5/32 kuwa, 2,800 ne da 2,400. Wannan gibin ba shi ne abin damuwa ba, domin hannun matuƙi ba ya kai kebul kusa da nan. Damuwar tana wajen guga.

Duk lokacin da kebul ya hau fuli, silin nan 133 suna zamewa a kan juna. A galbanais, tutiya ƙarfe ce mai laushi, tana zama tsakanin sili da sili kamar man shafawa. A sitenles babu wannan, ƙarfe ne ke cin ɗan'uwansa kai tsaye, kuma sitenles yana da halin kama juna in ya gogu. Ga shi kuma bai kai galbanais haƙurin lanƙwasa ba. Sakamakon shi ne kebul mai sheƙi a waje wanda ke ƙarewa da wuri a daidai wuraren da aka fi buƙatarsa. A 2001 FAA ta fitar da sanarwar jan hankali a kan haka, ta ce kebul ɗin sitenles yana lalacewa da sauri fiye da galbanais, ta ba da shawarar a riƙa duba shi akai-akai. Kanikawan da ke kula da jiragen makarantun koyon tuƙi, inda ake murɗa sitiyari daga asuba zuwa magariba, sun daɗe da sanin wannan tun kafin a rubuta.

Galbanais ma yana da nasa ciwon, kuma ciwon tsatsa ne. Tana iya farawa daga ciki, inda ido ba ya kaiwa, shi ya sa bakanike kan sassauta kebul ya lanƙwasa shi ya leƙa tsakanin tufka. Inda ruwa ke kwanciya a cikin jirgi, kusa da batir, cikin ramin taya, ko inda kebul ya fito fili iska na dukansa, nan tutiya ke fara cinyewa. Amma abin da nake so game da shi shi ne ba ya ɓoye cutarsa da daɗewa. Jan gari zai fito, tsumma zai ɗauko shi, a gani.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: ina jirgin nan yake kwana, kuma wane aiki yake yi? Jirgin da ke sauka a kan ruwa, ko wanda ke zaune a bakin teku kamar Legas ko Fatakwal inda iska ke ɗauke da gishiri, ko na feshin gona da sinadarai ke yi wa wanka kullum, sitenles yana da hujja a wurinsa, bisa sharaɗin za a riƙa dubawa da wuri-wuri a kuma yarda cewa za a sake canzawa. Jirgin da ke Kano ko Zariya ko Yamai, cikin rumfa, inda rabin shekara iska busasshiya ce, ban ga abin da zai sa a bar galbanais ba. Abokin gabarsa a can ƙura ce, ba gishiri ba. Ƙurar hunturu in ta samu kebul ɗin da aka lafta wa giris, sai su haɗu su zama kamar samfefa, su ci kebul su ci fuli. Maganin wannan tsabta ce da man kariya siriri irin wanda littafi ya ambata. Kada kuma a wanke kebul da fetur ko wani abin narkar da mai, domin man da ke cikinsa tun daga masana'anta in ya fita ba ya komawa.

Sai dai ka sani zaɓin ba naka ne kai kaɗai ba. Wasu jiragen littafin kayansu ya ba da lamba biyu ga kebul ɗaya, ta galbanais da ta sitenles, nan kana da 'yanci. Inda ya ba da ɗaya tak, sauya ƙarfe ya zama gyaran da ke buƙatar amincewar hukuma ko wata takarda da ta halatta shi.

Kawunan ƙarfe

Mutum zai ɗauka in ya sayi galbanais ya rabu da sitenles ke nan. Bai rabu ba. Kan ƙarfen da ake matsewa a bakin kebul, ko mai zare ne irin MS21260 da ke shiga tambokul, ko mai baki biyu irin MS20667, ko mai ido irin MS20668, akasari da sitenles ake yin sa. Tambokul shi ne ɗan bututun nan mai zare hagu da dama da ake murɗawa a ƙara wa kebul ɗauri ko a rage.

Shekaru da dama ana ƙera waɗannan kawuna da wani nau'in sitenles mai suna 303Se, wanda aka sa wa sinadarin seleniyam don ya yi sauƙin yankawa a inji. Daga baya aka gano cewa in ya daɗe a ɗaure yana shaƙar iska mai gishiri, yana tsagewa daga ciki. Kyan ɗan maciji ne sosai. A waje ɗan ɗigo kawai za ka gani, ko 'yar tsatsa kamar an yayyafa barkono, sau da yawa ma a ƙarƙashin wayar kulle da aka naɗe a kai, alhali a ciki tsaga ta yi rassa. Kebul ɗin lafiya lau, tsumma bai sarƙe ko'ina ba, rana ɗaya kai ya ɓalle.

Hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta ja hankali a kan wannan a 2001. A 2013 FAA ta fitar da umarni na dole mai lamba 2013-02-13 a kan jiragen Piper PA-28, PA-32, PA-34 da PA-44: in jirgi ya cika shekara 15 a duba kebul da kawuna da tambokul na wutsiyar kwance, sannan a maimaita duk bayan awa 2,000 na tashi ko shekara 7, wanda ya riga zuwa. A waɗannan jiragen wutsiyar kwance gaba ɗayanta ce ke motsi, don haka rasa kebul ɗinta ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Ostireliya, CASA, ta wuce nan. A 2015 ta fitar da AD/GENERAL/87, ta ce duk babban kebul ɗin sarrafawa mai irin waɗannan kawuna da ya kai shekara 15 a cire shi kafin farkon 2018. Masu jirage suka koka da tsada, a 2017 aka sassauta, aka yarda da bincike na musamman a madadin cirewa.

Abin da mai saye zai ɗauka daga wannan tarihi shi ne, shekarun kebul suna da muhimmanci ko da awanninsa kaɗan ne. Jirgin da ya shekara 40 yana zaune ba ya tashi sosai, silinsa na iya zama garau, kawunansa kuwa sun sha shekara 40 a ɗaure. In ka zo saye, tambayi mai sayarwa da wane ƙarfe aka yi kawunan. In ka zo dubawa, a kwance wayar kulle, a share, a duba da gilashi mai ƙara girma sau 10. An ga rami ko tsaga ko tsatsa, ba a gogewa a mayar. Canzawa ake yi.

A hannun wa

Hanya ta farko ita ce kamfanin da ya ƙera jirgin: Textron Aviation a Wichita ga masu Cessna da Beechcraft, Piper a Vero Beach ta jihar Florida. Ka ba da lambar kaya da lambar jirginka, a aiko maka da kebul cikakke, tsawo daidai, kawuna a matse, takarda a haɗe. Ba gardama da kowane mai bincike. Illarsa biyu: shi ya fi tsada akasari, kuma ga tsohon jirgi ana iya cewa babu a ajiye, sai an jira.

Hanya ta biyu ita ce kamfanonin da FAA ta ba izinin ƙera madadin kaya, izinin da ake kira PMA. McFarlane Aviation da ke Baldwin City a jihar Kansas na cikin waɗanda aka fi sani a wannan fanni. Kebul ɗinsu halattacce ne ga samfuran jiragen da aka lissafa a izininsu, farashi yakan yi sauƙi, kuma sukan sayar da saiti guda na elaron ko na wutsiya ko na jirgi gaba ɗaya. Ga yawancin masu Cessna da Piper, ni nan nake fara nuna musu. Abin lura kawai shi ne a duba jerin samfuran da kyau. Cessna 172 ba jirgi ɗaya ba ne. Daga 172 na farko zuwa 172S an yi canje-canje da yawa, har cikin samfuri ɗaya lambar jirgi na iya raba tsawon kebul. Harafi ɗaya ya kuskure, kebul ya zo da ragin inci guda, tambokul ba zai cike gibin ba, domin ƙa'ida ba ta yarda zare fiye da uku ya fito a kowane gefensa ba.

Hanya ta uku ita ce a ƙera maka. Ka cire tsohon kebul ka aika shagon da ke da injin matsewa, su auna su yi maka irinsa. Ga jirgin da kamfaninsa ya mutu, wannan ce kaɗai mafita. Kebul mai kai da aka matse daidai yana riƙe cikakken ƙarfinsa, amma kalmar daidai tana da nauyi a nan. Sai an tura kebul har ƙarshen ramin kai, an matse, an auna kaurin wurin da ma'aunin da ke nuna ya shiga ko bai shiga ba, an duba babu tsaga, sannan a yi gwajin ja: kashi 60 cikin 100 na ƙarfin tsinkewa, a riƙe na aƙalla minti 3. Ga 1/8 na galbanais laba 1,200 ke nan. Shagon kirki zai ba ka takardar wannan gwaji da ta asalin kebul ɗin ba sai ka roƙa ba, kuma zai ɗiga fenti a mahaɗar kai da kebul don in ya fara zamewa nan gaba a gani. Shagon da ya ce ai ba sai an gwada ba, mun saba, ɗauki kebul ɗinka ka fita. Ka tuna kuma tsohon kebul ya ɗan miƙe da shekaru, don haka in akwai zane mai nuna tsawo, shi za a bi. A Amurka doka ta ba mai jirgi damar sa hannu a ƙera kayan da zai sa a jirginsa shi kaɗai. Wannan dokar can ce. Jirgi mai rajistar 5N yana ƙarƙashin NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, mai 5U yana ƙarƙashin takwararta ANAC ta Nijar, kuma su za a tambaya kafin a yanka kebul, ba bayan an ɗaura ba.

Akwai kuma Nicopress, zoben jan ƙarfe da ake matsewa da babbar filaya bayan an zagayo da kebul a kan wani ɗan ƙarfe mai siffar ɗigon ruwa. Tsoffin jirage masu jikin bututu da yadi irin su Piper Cub, da jiragen da mutane ke harhaɗawa a gida, da shi suke aiki, kuma in an yi shi daidai yana riƙe cikakken ƙarfin kebul. Ga 1/8 matsa uku ake yi, ta tsakiya da farko, sai ta kusa da madauki, sai ta ƙarshe, kowace a auna ta. In kebul ɗin sitenles ne, sai zobe mai rufin tutiya ko kuza, don jan ƙarfe tsirara da sitenles ba sa zaman lafiya. Zoben alminiyam da ake samu a kasuwa ba shi da wuri a nan. Kuma araharsa kada ta ruɗe ka ka sa shi inda kamfani ya sa kai mai zare. Ya fi kumburi, yana iya kama wani abu a hanya.

Saura na huɗu, kebul ɗin da aka ciro daga jirgin da aka farfasa. Ga ƙofa ko kujera ko murfin inji, kayan gwanjo suna da amfani. Ga kebul, a'a. Za ka sayi shekarun da ba ka san adadinsu ba, a kawunan da ba ka iya ganin cikinsu. Araha ba ta ado, balle a nan.

Ko ta wace hanya ka bi, takarda ta biyo kaya. Takardar shaidar ingancin kaya nake nufi: daga Amurka fom 8130-3, daga Turai EASA Form 1. Wanda ke odar kaya daga nesa ya faɗi haka tun a farkon magana, domin wasu dillalai sai an nema suke haɗawa, wani lokaci da ƙarin kuɗi. Kebul ɗin da ya iso ba takarda, injiniya mai lasisi ba zai sa hannu a kansa ba, kuma yana da gaskiya.

Ɗaya ko duka

Kuɗin kebul kansa sau da yawa bai kai kuɗin aikin sa shi ba. Kafin a kai ga kebul ɗin elaron na Cessna sai an cire kujeru, shimfiɗa, rufin sama, faifan fiffike. Kafin a kai ga na wutsiya sai wani ya rarrafa cikin jelar jirgi. Bayan an sa, sai an sake saita tsarin gaba ɗaya. In aka yi duk wannan don kebul ɗaya, bayan wata shida ɗan'uwansa da suka shigo rana ɗaya ya nuna tasa cutar, an biya aiki sau biyu ke nan, ga kuɗin jigila da na kwastan sau biyu, ga jirgi a ƙasa makonni yana jiran kaya.

In lalacewar tana da dalili na musamman, misali fuli ya ƙafe ya cinye wuri ɗaya a kebul ɗin da bai daɗe ba, canza shi kaɗai ya isa, tare da fulin. In kuwa tsufa ne, kuma littafin tarihin jirgi bai nuna an taɓa canzawa ba, a canza na wannan tsarin duka. Wanda aljihunsa bai kai na jirgi gaba ɗaya ba, ya rarraba: na wutsiyar kwance bana, na elaron baɗi, sannan na feda. Ina sa wutsiyar kwance a gaba domin ita ce ke riƙe hancin jirgi.

Cikin odar a haɗa da fuli. Kwarin tsohon fuli yana ba da labarin abin da ya faru: in hoton saƙar kebul ya fito a cikinsa, ɗauri ya yi yawa, in gefe ɗaya ya cinye, ba a saita shi daidai ba, in wuri ɗaya ya lotsa, ya daina juyawa. Sabon kebul a kan irin wannan fuli ba zai yi kwana ba. A haɗa da robobin da ke riƙe kebul a hanya, waɗanda bai kamata su karkatar da shi fiye da digiri 3 ba, da sababbin filoli, da 'yan makullan tambokul irin MS21256 in tambokul ɗinka mai tsaga ne. Waɗannan makullai sau ɗaya ake amfani da su. Tambokul ɗin kansa a dube shi da gilashi. In akwai shakka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ranar ɗaurawa

Wannan ba aikin da mai jirgi zai yi shi kaɗai ranar Asabar ba ne. Ko a Amurka, inda aka ba matuƙi damar canza mai da taya, kebul ɗin sarrafawa ba ya cikin jerin. Amma ka tsaya a wurin, ka san abin da za ka tambaya.

Bakanike mai hankali ɗaya bayan ɗaya yake cirewa, yana sa alama a kowane baki, yana ɗaura igiya a wutsiyar tsohon kebul don ta bi sawunsa, sannan ya jawo sabon da ita. Bayan haka ya bi kowane fuli da fitila da madubi ya tabbata kebul yana cikin kwari, bai hau kan ɗan fil ɗin ƙarfe da ke hana shi fita daga fuli ba, bai naɗe da wani kebul ko wayar wuta ba. Kebul ɗin da ya hau kan wannan fil zai yi aiki a ƙasa kamar ba komai, yana ta cin kansa a ɓoye.

Ɗauri kuma da ma'auni ake yin sa, ba da yatsa ba, kuma yana tafiya da zafi. Jikin jirgi alminiyam ne, yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Jirgin da ya wuni a rana ta watan Afrilu a Sakkwato ya ɗan ƙara tsawo, kebul ɗinsa ya yi tauri. In aka saita shi a wannan hali ba tare da duba jadawalin zafi ba, da ya hau sama, inda zafi ke raguwa da kusan digiri 2 na ma'aunin Salsiyas a kowace ƙafa 1,000, sai kebul ya saki. A shigar da jirgi inuwa, a bar shi ya huce, sannan a auna. Sabon kebul kuma yakan ɗan zauna bayan awannin farko na tashi, don haka a sa ranar dawowa a sake aunawa.

Kuskuren da ya fi kowanne muni a wannan aiki shi ne haɗa kebul a juye. Ya faru sau da dama har NTSB ta fitar da gargaɗi biyu a 2015, ɗaya ga kanikawa, ɗaya ga matuƙan da ke karɓar jirgi bayan gyara. A tsarin Ingila da na Turai, duk aikin da ya taɓa hanyoyin sarrafawa sai mutum na biyu da bai sa hannu a aikin ba ya sake dubawa. Nemi wannan ko da ba a tilasta maka ba. Sannan kai ma ka zauna a kujera, wani ya tsaya a waje, ku faɗa da baki. Sitiyari dama: leɓen fiffiken dama ya tashi, na hagu ya sauka. Sitiyari baya: bakin baya na wutsiyar kwance ya tashi. Fedar dama: leɓen tsaye ya karkata dama. Tirim ma a juya shi har ƙarshe kowane gefe, a gwada da abin da littafin jirgin ya ce. Ku yi shi sau biyu, na biyun ku musanya wuri, kai ka fita waje ka gani da idonka.